Ɗankwalina a Ajin Faransanci

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar maigidana, Malam Hamidu, wanda ya koyar da Faransanci a Haɗejiya tun zamanin da aka bar fam da sule aka koma naira. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Wannan ne karo na farko da na rubuta sunansa don idon jama'a, kuma sai da na ajiye biro na sha ruwa kafin na iya ci gaba. Tsofaffin ɗalibansa sun sha yin rubutu a kansa a wannan shafi. Kowannensu yana magana kamar Malam nasa ne shi kaɗai, wannan ya ce shi ya fi so, wancan ya ce shi ke riƙe masa jaka. Ina karantawa ina sa musu albarka. Bana na ce bari ni ma in faɗi nawa, tunda ni ma na zauna ajinsa, ko da yake ta bayan bango.

Abin da idona ya fara kamawa fure ne. Ina amarya a lokacin, ban daɗe da tarewa a gidajen malamai ba. Ƙarshen damina ne, ruwan kogi ya malalo har bayan filin ƙwallon makarantar. Na fito shanya da hantsi sai na hango wani farin abu yana motsi ta tagar wani aji. Furen bado ne, irin wanda ke rufe fadama a wannan lokaci, hannun da ke riƙe da shi kuwa na mijina ne. Ya ɗan rusuna yana miƙa shi ga wata doguwar mace mai siket, yana magana a hankali da wata murya da ban san yana da ita ba. Matar ta kau da kai. Ya ƙara magana. Ta juyo ta dube shi ta yi murmushi, ya ajiye furen a kan tebur, ta ɗauka. Samari cike da aji sun miƙa wuya, babu mai ko tari. A ranar ban san kalma ɗaya ta Faransanci ba, amma babu abin da ya wuce ni. Rigar da ke hannuna ta faɗa cikin taɓo.

Ya kamata mai karatu ya san irin yarinyar da ta ga wannan abu. Na yi firamare har aji bakwai. Yayana yana aiki a tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori, inda 'yan tireda daga kudu ke sauke 'yan ƙananan littattafan soyayya na Turanci masu siririn bango, kuma yakan kawo mini su a naɗe cikin tsohuwar jarida. A cikinsu na girma. A cikinsu namiji yakan kira sunan mace sau uku a shafi guda, ya ce abinci ya daina yi masa daɗi, ya rantse zai bi ta har ƙarshen duniya. Na ɗauka haka aure yake. Na shiga ɗakin miji ina jiran shafina ya zo.

Shi kuwa Malam Bafulatani ne, iyayensa makiyaya ne da suka zauna a wajen Miga. Mutum ne mai kirki, mai kunya irin ta gidansu. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai kuma taɓa kiran sunana ba. Sunana Zulai. In yana nemana sai ya yi gyaran murya, ko ya ce, “Akwai mutum kusa?” In tuwo ya yi daɗi ya ce an gode. In na yi kwalliya ya dubi bango. Wannan mutumin ne na hango ta taga yana kallon wata mace ido cikin ido, kalmomi na zuba daga bakinsa kamar an buɗe famfo.

Da ya dawo na ajiye masa abinci, na jira ya wanke hannu, sannan na tambaye shi. Bai ɓoye komai ba. Ya ce aiki ne. Matar Malama Rifkatu ce, mutuniyar Filato, labarin ƙasa take koyarwa, amma ta yi Faransanci a kwaleji, don haka takan zo ta taimaka masa in ba ta da darasi. Daga nan ya shiga yi mini bayanin yadda yake koyarwa, kuma ban taɓa jin ya yi doguwar magana kamar ta wannan rana ba.

Ya ce shi da harshe huɗu ya tashi. Fulatanci a ruga, Hausa a kasuwa, Barbarci a wurin masu sayen man shanu, da ɗan Badanci a wurin Badawa masunta. Babu wanda ya taɓa zaunar da shi haddar nahawu. Ya ji, ya ga abin da ake yi, ya gane, wata rana bakinsa ya buɗe da kansa. Faransancin ma da aka tura shi kwas Damagaram, ya ce a teburin mai shayi ya same shi, ba a cikin aji ba. Saboda haka a zangon farko ɗalibansa ba sa buɗe littafi, ba sa rubutu, ba a kuma cewa kowa ya yi magana. Shi ne ke magana, kuma daga ƙofa har a buga ƙararrawa Hausa ko Turanci ba sa fita daga bakinsa. Zai ce a tashi, ya tashi, su tashi. Zai ce a buɗe taga, a ɗora littafi a ka, a sa kifi cikin ƙwarya. Yakan zo aji da komar masunta da gora da filafilin tuƙa kwalekwale, wata rana har da tarwaɗa mai rai a bokiti. Wanda ya gane ya yi, wanda bai gane ba ya dubi na kusa da shi. In kunnensu ya ɗan faɗa, sai ya fara ba su labari, kullum kaɗan, da hannu da fuska da zane a allo. Labarin wani masunci ne, Dogo, da wata yarinya, Mariyama, da ke ƙetaren kogi. Shi ne Dogo, Malama Rifkatu ce Mariyama. Ya ce yaro ba ya sauraron abin da bai dame shi ba, kuma babu abin da ke damun ɗan shekara goma sha huɗu kamar ya san ko Dogo zai samu yarinyar nan.

Na ce me ya hana labarin ya zama na kura da ɗan akuya. Ya yi dariya. Ni ban yi ba. Na ce, “To abin da ka faɗa mata ɗazu, faɗa mini da Hausa.”

Ya dubi tabarma. Sannan ya ce, “A aji ma ba na fassara. Mai son ya sani, sai ya saurara.”

Ƙa'idarsa ce, haka yake gaya wa kowane yaro. Amma a ranar ƙa'idar ta yi masa amfani, kuma ya san ta yi.

Sai na saurara. Akwai wata darbejiya a bayan ajin, daidai ƙarƙashin tagar. Duk ranar da yake da darasi sai in ɗauki tabarma da ɗinkin hula in je in zauna, in ce wa matan maƙwabta ɗaki ya yi zafi. Ban je don ilimi ba, gadi na je yi. Kifi na fara ganewa, sai ruwa, sai kwalekwale. Daga baya na gane zo, na gane jira, na gane gobe. Kafin ruwa ya janye manoma su shiga fadama da iri, na daina ɗaga kai in leƙa, kunnena kaɗai ya ishe ni. Ina jin a duk makarantar babu wanda ya kai ni saurare. Yaran suna son su san ƙarshen labari ne, ni kuwa ina son in san ko ina da miji.

Kuma duk abin da na ƙara ganewa ƙaya ce ta ƙara shiga. Dogo ya ce in Mariyama ta sauko bakin ruwa yakan manta da komarsa har kifi ya tsere. Ya ce yana gane takunta cikin takun mata goma masu ɗiban ruwa. Yakan tsaya a gefen allo ya kewaye baki da hannu ya kira sunanta zuwa ƙetare, yana jan ƙarshen sunan har yara su yi dariya. Abin da ke cikin littattafaina ne, har ya fi, domin wannan da muryar da na sani ake faɗa. Ashe mijina ya iya. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Da bai iya ba ne, da na haƙura na ce haka Allah Ya yi shi. Amma ya iya, yana yi da safe a gaban mutum talatin da wani abu, ya dawo gida da azahar ya tambayi bango ko akwai mutum kusa.

Sauran malamai ba su raga masa ba. Ajin kurame suke kiran ajinsa. Malamin Turanci, wanda ake jin haddar ɗalibansa har bakin titi, yakan tambaye shi ko yau ma kifin ne ya amsa tambaya. Malam sai ya ɗauki bokitinsa ya wuce aji. Da aka shiga zango na biyu yaran suka fara magana da kansu, a karkace da farko, sannan a miƙe, har suna tare direbobin Nijar a tasha suna gwada bakinsu. Masu ba'a suka rage murya. Na yi alfahari da shi, ba zan ɓoye ba, amma alfaharin bai kashe ɗayan abin ba.

Da Malama Rifkatu muguwa ce, da na samu sauƙi. Mutuniyar kirki ce, abin haushin ke nan. Wata ranar Asabar ta shigo mini da gwaten acca a kwano, ta zauna a kan turmi kamar gidansu.

“Amarya, kullum ina hango ɗankwalinki ta taga. Hular nan ba ta ƙarewa ne?”

“Zaren ne ke ba ni wahala, Malama.”

“Ki kwantar da hankalinki. Ni allo ce kawai, a kaina Malam yake rubutu yara su gani. Ga shi kullum ƙarnin tarwaɗa yake yi.”

Na ce, “Allo ba ya murmushi.”

Ta yi dariya har da hawaye. Da za ta tafi ta dafa kafaɗata ta ce ranar Litinin Mariyama za ta kori Dogo, in zo da wuri ko na ji sanyi a raina. Na je da wuri kuwa. Na ji sanyin, amma ranar Laraba suka shirya.

Yanzu in na dubi jikokina suna shirin jarrabawar Faransanci, nakan tuna da shi. Suna haddace jerin kalmomi kamar masu haddace lissafi, su ci maki mai kyau, amma in mai shayin unguwarmu ɗan Damagaram ya gaishe su sai su tsaya suna kallonsa. Ɗaya daga cikinsu ta nuna mini waya mai koyar da harshe, tana magana tana tafa wa yaro in ya dace. Ina jin da Malam yana nan zai ji daɗin cewa aƙalla kunne ake fara ba abinci. Amma na san abin da zai tambaya. Zai ce a cikin wayar wa yaran suke tsoron kada ya rasa wa, kamar Dogo da Mariyama? Kogin ma ba na da ba ne. Ciyawar kacala ta toshe rassansa, ruwa ba ya zuwa bayan filin ƙwallo kamar da, sai shekarar da ya ga dama ya zo da fushi ya kwashe gonaki. Malamin da ke son furen bado da safe yanzu sai ya yi tafiya.

Shekara ta zagayo, aka ɗauki sabon aji, labarin Dogo ya koma farko. Na ɗauka zan saba, sai abin ya fi na bara ciwo, don yanzu ina riga Malam faɗin kalmomin a zuciyata, in ji ya faɗe su ga mace ɗaya, da murya ɗaya. Zangon farko ya yi nisa, sababbin yaran ba su fara magana ba tukuna, sai Malama Rifkatu ta tafi Kaugama duba ƙanenta da ke aikin asibiti a can. Ruwa ya cinye hanya a bayanta, mota ba ta zuwa ba ta dawowa. Labari kuwa ya kawo wurin da Dogo zai tafi kamun kifi tafkin Chadi, dole ya faɗa wa Mariyama abin da ke ransa kafin ya tafi. Malam ya ɗaga darasin sau ɗaya, ya ɗaga sau biyu, yara suka fara binsa da ido a hanya.

Da safe na kai masa koko na durƙusa, ban tashi ba. Na ce na san labarin. Na san inda Mariyama ke kau da kai, na san inda take juyowa, kuma a wannan darasin ba ta cewa komai. Na ce ya tafi da ni.

Ya ajiye ludayi ya dube ni. Sai ya yi magana da Faransanci, a hankali, ba tare da ya nuna komai da hannu ba. Cewa ya yi in ɗauko ƙaramar ƙwaryar da ke bayan ƙofa in kifa ta a kan tabarma. Na tashi na ɗauko na kifa. Fuskarsa ta haskaka. Amma hasken malami ne da ya ga ɗalibi ya gane, ba wanda nake nema ba, kuma wannan ma ya ba ni haushi.

Ya ce, “Ba zan iya ba.”

“Da ita ka iya.”

“Ita ai wasa ne.” Bango yake kallo. “Abin da ba gaskiya ba ba shi da nauyi a baki.”

Ya ɗauki filafilinsa ya fita. A tsakar gida ya tsaya wajen igiyar shanya, ya zare koren ɗankwalina, wanda na fi ɗaurawa, ya cusa a aljihu ya wuce.

Na je gindin darbejiya da fushina. Na ji yara sun kwashe da dariya, na leƙa. Ya jingina filafili da kujera ya ɗaura masa ɗankwalin, ya ce ga Mariyama. Ya fara kamar yadda ya fara bara, kalma bayan kalma, ina binsa a zuciya. Can sai na nemi inda muke na rasa. Ya bar hanya. Mariyamar bara doguwa ce mai dogon wuya, kullum da tulu a ka. Ta yau, ya kai hannu daidai kafaɗarsa, gajera ce. Ya taɓa haƙoransa na gaba, tana da wushirya. Ya ce ba ta zuwa kogi. Ya zana bishiya a allo, ya ce a ƙarƙashinta take zama da allura, tana ɗinka hula ɗaya tun bara, kuma ya kwaikwayi ɗinkin. Ya ce tana ɓoye 'yan littattafai a ƙarƙashin katifa tana tsammanin Dogo bai sani ba. Ya ce in ta yi fushi takan cika gishiri a miya, Dogo ya cinye tas ya ce an gode. Duk wannan bai dubi taga ba ko sau ɗaya. Sannan ya ja da baya, ya ja da baya, har ya jingina da tagar, ƙeyarsa tana saman kaina. Ya sassauta murya ya faɗi wani abu guda, gajere. Babu shi a labarin bara, babu shi kuma a ko ɗaya daga cikin littattafan da yayana ya kawo mini.

Abin da Malam ya manta shi ne ya ƙware a aikinsa. Ya shafe makonni yana gyara kunnen yaran nan don kada komai ya wuce su, kuma kwatancen bai wuce su ba. Sai na ji ƙarar benci, sai wata murya daga baya, da Faransanci mai ɗingishi, ta ce, “Malam, ga ta can a gindin bishiya.” Nan take aji ya ɗauka. Wannan ya ce ga allurar, wancan ya ce ga hular, wani ya ce gajera ce kuwa. Kalmomin farko ke nan da suka taɓa fitowa daga bakin wannan aji, babu wanda ya roƙe su. Na ɗaga kai na ga taga cike da fuskoki. Na bar tabarma da hula a wurin, ban san yadda na kai gida ba.

Ya sallami aji kafin ƙararrawa. Muka yi kwanaki muna zaune gida ɗaya kowa na kallon nasa bangon. Na tarar da ɗankwalin a ninke a kan gado, da ɗan garin alli a gefensa. Na ji labari ya gaya wa malamai cewa ajin bana ya buɗe baki da wuri, amma bai faɗa musu dalili ba, ko da yake yara sun riga sun faɗa wa gari.

Mai karatu zai so ya ji cewa daga ranar komai ya sauya. Bai sauya ba. Ko a ranar ma Mariyama ya kira, bai ce Zulai ba. Malama Rifkatu ta dawo a kwalekwale da takalmanta a hannu, Mariyama ta koma doguwa mai tulu, aka ci gaba da miƙa furen bado kowace shekara har lokacin da aka ƙirƙiro sababbin jihohi ta koma Filato. Bayan tafiyarta ya ci gaba da filafili, amma da ɗankwalin da ya saya a kasuwa, kuma bai ƙara barin hanya ba. Muka haifi 'ya'ya shida, na zama uwar yara a bakinsa. A ciwonsa na ƙarshe ina ba shi kunu a cokali, na sa ido a bakinsa, na ce ko yau. Ya haɗiye ya ce, “An gode.”

'Yan'uwana mata sukan ce mini gaskiya ta rana ɗaya ta fi wasan shekara biyar. Na sani, ba sai an gaya mini ba. Amma ni 'yar littattafai ce, kuma tsufa bai warkar da ni ba. Ita Rifkatu ta samu safiya bayan safiya yana kallon idonta. Ni na samu hantsi ɗaya, ta bayan bango, ta hannun itacen tuƙa kwalekwale. In na auna nakan ga nawa ya fi nauyi, amma nata ya fi yawa, kuma har yau ban daina aunawa ba.

Me ya rage na Malam? Akwai ɗalibansa da suka yi tafinta a kan iyaka, akwai 'yan kasuwa da ke shiga Nijar ba sa neman mai fassara. Akwai wani malami a Jahun, ɗalibin ɗalibinsa, da aka ce mini har yau yana shiga aji da bokitin kifi ana yi masa dariya. Akwai kuma ni. In na kama tashar Nijar a rediyo, babu abin da ke wuce ni, labarai ne ko wasan kwaikwayo. Amma ban taɓa furta kalma ɗaya ta Faransanci ba, ko a ɗaki ni kaɗai. Jikokina sun yi, sun yi, in furta ko gaisuwar safe ce, bakina ya ƙi. Da yana nan zai ce a ƙyale ta, lokacinta bai yi ba. Ina jin a duk ɗalibansa ni ce ban fita daga zangon farko ba.

Malama Rifkatu tana nan da rai. Ta auri wani malamin gona, ta shugabanci wata makarantar 'yan mata, ta yi ritaya, mijin ya rasu. Yanzu idonta ya tafi, tana zaune da jikarta a wani gari kusa da Pankshin. Bara waccan na sa ɗana ya kai ni. Ina yin sallama ta ɗaga kai ta ce, “Amarya. Hular ta ƙare?” Muka rungume juna, tsofaffi biyu, muna dariya muna share ido.

Bayan an kawo shayi ta gyara zama ta fara labarin Dogo daga farko, da Faransanci, tana yin nata tana yin nasa. Ta riƙe komai. Har gyaran muryarsa ta riƙe, har yadda yake jan ƙarshen sunan zuwa ƙetaren kogi. Na zauna riƙe da hannunta ina jin muryar mijina tana fitowa daga bakin wata mace, kamar dai ranar da rigar ta faɗa cikin taɓo. Kalmominsa suna raye a bakinta, ni a nawa babu ko ɗaya. Na ji kishi ya taso mini sabo fil. Da ta kai ƙarshe na ce ta sake, ta sake.

Sannan ta juyo da fuskarta inda nake. Ta ce shekara biyar ta tsaya a gaban mutumin nan bai taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kan labari ba, sai ranar da ba ta nan. Yara sun ba ta labarin tsawo da wushirya da gishiri. Amma sun ce a ƙarshe ya jingina da taga ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa, ba su kama ba.

“Ke kaɗai kika ji, Amarya. Me ya ce?”

Na ce mata shayinta zai huce.

Tun daga nan duk ƙarshen damina sai ta sa jikarta ta kira ni a waya. Mu gaisa, ta tambayi ruwan Haɗejiya, ta tambayi yara, sannan ta tambayi wancan. Na kuma san jikar tana karanta mata wannan shafi. Rifkatu, na san kin hana yarinyar nan tashi har sai ta kai layin ƙarshe. Ki gafarce ni. Nan ma ban sa ba.